Aljabarar layi da kalkulas na bekta: inda kwasa-kwasan biyu suke haɗuwa, da inda ɗalibi yake tuntuɓe

A yawancin sassan lissafi na jami'o'inmu, ɗalibi yakan haɗu da aljabarar layi a aji biyu, kalkulas na bekta kuma ya riske shi a ƙarshen wannan ajin ko a aji uku. Malami daban, littafin rubutu daban, ranar jarrabawa daban. Shi ya sa ɗalibai da dama suke ɗauka babu abin da ya haɗa su: wancan jera lambobi ne cikin baka a yi ta debewa da ninkawa, wannan kuma alamar ∇ ce mai kama da dala a kife, da tarin ƙa'idojin da ake haddacewa ana gobe jarrabawa. A ganinmu ta wannan rabuwar ce wahala take shigowa. Aikin kalkulas na bekta daga farkonsa har ƙarshensa guda ɗaya ne: a ɗauki abu mai lanƙwasa, a matsa kusa da shi ƙwarai har ya koma kamar miƙaƙƙe, sannan a danƙa wa aljabarar layi ragowar aikin. Wanda ya tsallake aljabarar da hadda zai tarar da bashin yana jiransa a kalkulas.

Bekta dai abu ne mai girma da alƙibla. Ba a gama bayanin iskar hunturu da faɗin gudunta kawai, sai an ƙara da cewa daga arewa maso gabas take tasowa. A takarda ana rubuta bekta da lambobi biyu ko uku, kamar (3, 2), wato taku uku gabas, taku biyu arewa. Matiriks kuwa inji ne: ka ba shi bekta, ya mayar maka da wata. Sharuɗɗansa biyu. In ka tara bektoci biyu ka ba shi, abin da zai fito daidai yake da ka ba shi kowacce ita kaɗai sannan ka tara sakamakon. In kuma ka ninka bekta sau biyar, sakamakon ma sau biyar zai ninku. Wannan ita ce "layi" ɗin da ke cikin sunan kwas ɗin.

Daga sharuɗɗan nan abu mai amfani yake fitowa. Kowace bekta a shimfiɗe haɗin (1, 0) da (0, 1) ce, don haka in ka san inda injin ya kai waɗannan biyun, ka san komai game da shi. Layukan tsaye na matiriks su ne wuraren da biyun suka sauka. Ɗauki A mai layin sama (2, 1) da layin ƙasa (0, 3). Layinsa na tsaye na farko (2, 0) ne, na biyu (1, 3). To (3, 2) za ta koma sau uku na (2, 0) haɗe da sau biyu na (1, 3), wato (8, 6). James Joseph Sylvester ne ya shigo da kalmar matiriks cikin lissafi a 1850, Arthur Cayley kuma ya tsara ƙa'idojin tara su da ninka su a 1858. Ƙa'idar ninkin, wadda ɗalibai ke ganin kamar an ƙirƙiro ta ne don a wahalar da su, ma'anarta kawai a bi da bekta ta inji ɗaya sannan ta na biyu. AB na nufin B ya fara aiki, A ya biyo baya. Nan ne dalilin da AB ba kullum yake zama daidai da BA ba. Gwada da (1, 0): juya ta digiri 90 saɓanin hannun agogo, ta zama (0, 1), kifa ta a ƙetaren layin x, ta zama (0, −1). Yanzu fara da kifawa: (1, 0) tana kan layin, ba ta motsa ba, juya ta, ta zama (0, 1). Ayyuka iri ɗaya, jeri daban, masauki daban.

Ditaminan ma haka yake. Ana koyar da shi da ad − bc ga matiriks mai layin sama (a, b) da layin ƙasa (c, d), a haddace, a wuce. Amma ƙaramin murabba'in da (1, 0) da (0, 1) suka kewaye girman filinsa 1 ne, A ɗin nan kuma ya mayar da shi murabba'i mai karkata wanda gindinsa 2 ne, tsayinsa 3, girmansa 6. Ditaminan ɗin A shi ne 2 × 3 − 1 × 0 = 6. Wato ditaminan ma'aunin yadda injin yake faɗaɗa fili ne ko tsuke shi. In ya faɗi ƙasa da sifili, an kife shimfiɗar, dama ta koma hagu. In sifili ne, an danne fili ya koma layi ko ɗigo, kuma abin da aka danne ba a iya mayar da shi yadda yake. Shi ya sa irin wannan matiriks ba shi da kishiya da za ta warware aikinsa. A riƙe wannan da kyau, domin zai dawo sau uku a kalkulas.

Warware ikweshin, da abin da ke faruwa in bayani ya maimaita kansa

A ce mutum uku sun yi cefane wajen mai awo ɗaya, kuɗin a dubban naira. Na farko ya sayi mudun shinkafa ɗaya, na wake ɗaya, na gero ɗaya, ya biya 6. Na biyu ya sayi shinkafa biyu, wake ɗaya, gero uku, ya biya 11. Na uku shinkafa uku, wake biyu, gero ɗaya, ya biya 14. Wato x + y + z = 6, 2x + y + 3z = 11, 3x + 2y + z = 14. Hanyar da ake jingina wa Carl Friedrich Gauss, duk da masana lissafin ƙasar Sin sun riga shi amfani da ita da ƙarnoni masu yawa, ita ce a kashe x daga layukan ƙasa. Debe sau biyu na layin farko daga na biyu, ka sami −y + z = −1. Debe sau uku na layin farko daga na uku, ka sami −y − 2z = −4. Debe wancan daga wannan, −3z = −3. To z = 1, y = 2, x = 3.

Yanzu canza mai cefane na uku: shinkafa uku, wake biyu, gero huɗu, kuɗi 17. In ka bi matakan, layi na uku zai koma −y + z = −1, irin na biyu sak, in ka debe kuma sai 0 = 0. Mutumin nan bai kawo labari sabo ba, cefanensa jimillar na mutum biyun farko ne. Amsa ta daina zama ɗaya: (3, 2, 1) ta yi, (1, 3, 2) ma ta yi, haka duk abin da ka samu in ka ƙara ninkin (−2, 1, 1). Yawan layukan da suka kawo bayani mai zaman kansa shi ake kira ranki, nan 2 ne. Yawan alƙiblar da matiriks ya danne zuwa sifili 1 ne. Jimillarsu 3, yawan abubuwan da ake nema, kuma wannan daidaito ba ya saɓawa a kowane matiriks. Da a ce mutumin ya ce 18 ya biya, layin ƙarshe sai ya zama 0 = 1, ma'ana babu amsa ko ɗaya, wani cikinsu ya yi kuskuren lissafi. Ɗalibin da ya ga 0 = 0 ya rubuta "babu amsa", ko ya ga ditaminan sifili ya ajiye biro, ya rasa makin ne saboda bai bambance waɗannan yanayi biyu ba.

Akwai wani haɗari da jarrabawa ba ta cika nunawa ba, sai an fara aiki da awo na gaske. Duba x + y = 2 da x + 1.001y = 2.001. Amsa (1, 1). Canza 2.001 zuwa 2.002, amsa ta koma (0, 2). Ɗan kuskuren awo a lamba ta uku bayan ɗigo ya birkita sakamakon gaba ɗaya, domin layukan biyu sun kusa kwantawa a kan juna. Haka kuma ƙa'idar Cramer, mai warware ikweshin ta hanyar ditaminan, da ake so saboda sauƙin hadda, ba ta da amfani a aikace in ikweshin ya wuce biyu ko uku. Buɗe ditaminan mai layi 20 ta hanyar da ake yi a allo yana haifar da gaɓoɓi sama da 2.4 × 10¹⁸, alhali hanyar Gauss tana gama ikweshin 20 da ƙananan ayyuka dubu biyar da 'yan kai. Manhajoji irin su NumPy da Octave a kan hanyar Gauss suka dogara wajen irin wannan aiki.

Ma'aunin canji matiriks ne

A kalkulas na aji ɗaya, diribetib, wato ma'aunin canji, lamba ce guda: gangaren layin da ya shafi lanƙwasa a wuri ɗaya. Da masu canzawa suka zama biyu ko uku, lamba guda ba ta isa, kuma a nan ne ya kamata ɗalibi ya sake tunani. Ma'aunin canji shi ne injin layi da ya fi kowane kusa da fankishin ɗin, wato ƙa'idar da ke karɓar lambobi ta fitar da ƙima, a daidai wurin da ake tsaye.

Ga f(x, y) = x²y a wurin (3, 2), inda ƙimarsa 18 ce. Riƙe y, motsa x: 2xy = 12. Riƙe x, motsa y: x² = 9. Bektar (12, 9) ita ce giradiyan, ∇f. Yi ɗan taku (0.1, −0.05). Hasashen layi ya ce canjin zai zama 12 × 0.1 + 9 × (−0.05) = 0.75, wato 18.75. Ainihin ƙima: 3.1² × 1.95 = 18.7395. Tazara 0.0105. Yanzu rage takun sau goma, (0.01, −0.005). Hasashe 18.075, ainihi 18.0749, tazara kimanin 0.0001. An rage taku sau goma, kuskure ya ragu sau ɗari. Wannan shi ne abin da ma'anar nan mai iyaka da ake rubutawa a allo take faɗa: kuskuren yana mutuwa da sauri fiye da takun. Muna ba kowane ɗalibi shawarar ya yi wannan gwajin da kalkuleta ko sau ɗaya ne, domin bayansa ma'anar ba ta ƙara zama baƙuwa.

Tunda canjin ninkin ɗigo ne tsakanin ∇f da takun, wato a ninka lamba da takwararta sannan a tara, sauran ƙa'idojin suna zubowa da kansu. Tsawon (12, 9) shi ne 15, don haka hawa mafi tsauri yana alƙiblar (0.8, 0.6), da saurin 15 a kowane taku ɗaya. A alƙiblar (3, −4) kuwa 36 − 36 = 0, ba hawa ba gangara, kamar mai zagaya dutse ta gefe. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ba ɗalibi alƙibla (4, 3), ya ninka kai tsaye ya sami 75, ya manta sai an raba ta da tsawonta 5 tukuna.

Samuwar ma'aunan ɓangare biyu, wato canji ta x kaɗai da ta y kaɗai, ba ta tabbatar da akwai injin layin ba. Ɗauki f = xy/(x² + y²), a sa ƙimarsa sifili a cibiya. A kan layin x sifili ne ko'ina, a kan layin y ma haka, don haka ma'aunan ɓangare duka sifili ne a cibiya. Amma bi layin y = x, ƙimar ½ ce komai kusancinka da cibiya. Fankishin ɗin ya tsinke a wurin. Ma'aunan ɓangare alƙibla biyu kawai suke leƙawa.

In fankishin yana karɓar lambobi n yana fitar da m, ma'aunin canjinsa matiriks ne mai layin kwance m da layin tsaye n, wanda ake kira da sunan Carl Jacobi. Ƙa'idar sarƙa, wadda ake zana mata bishiya mai rassa ana bin kowane reshe, ninkin matiriks biyu ce kawai: na fankishin ɗin waje sau na ciki, a wannan jerin. Kafin ka ninka komai, duba girmansu. In na waje 1 × 3 ne, na ciki 3 × 2, sakamako dole 1 × 2 ne. In ka sami abin da ba haka ba, ka juya jerin ko ka manta wata gaɓa.

Dawowar ditaminan ta farko tana wajen sauya ma'auni a intigiral, wato tara ƙananan yankuna. A tsarin da'ira, inda r nisa ne daga cibiya, θ kuma kusurwa, x = r cos θ, y = r sin θ, ditaminan ɗin matiriks ɗin Jacobi shi ne r cos²θ + r sin²θ = r. Daga nan r ɗin nan na r dr dθ ya fito. Ɗan yanki mai dr da dθ a nesa da cibiya ya fi irinsa na kusa faɗi, kamar yankan kankana da ke faɗaɗa wajen ɓawo. Da'ira mai radiyos 3 girmanta 9π, kusan 28.27, wanda ya manta r zai sami 6π, kusan 18.85. Hattara da gwada kanka da radiyos 2: a nan hanyar daidai da ta kuskure duk 4π suke bayarwa, sai mutum ya tafi da tabbacin da ba shi da tushe. A tsarin ƙwallo abin ninkin ρ² sin φ ne, in ρ nisa ne daga cibiya, φ kuma kusurwa ce daga layin z. Littattafan lissafi da na kimiyyar fiziks sukan musanya sunayen θ da φ, don haka a duba wanne ake nufi kafin a ɗauko ƙa'ida.

Ƙololuwa, kwari da sirdi

Nan ne ƙimomin aigan, da ɗalibai ke tambayar amfaninsu a aji biyu, suke biyan kuɗinsu. Bektar aigan ita ce wadda matiriks bai karkatar da ita ba, ya dai miƙa ta ko ya tsuke ta. Ƙimar aigan ita ce sau nawa. Ɗauki f = x² + 4xy + y². Giradiyan sifili ne a cibiya. Bi layin x, x² ne, hawa. Bi layin y, y² ne, hawa. Mai gaggawa zai ce kwari ne. Jera ma'aunan canji na biyu a matiriks ɗin Hesse: layin sama (2, 4), layin ƙasa (4, 2). Ƙimominsa na aigan 6 da −2, bektocinsu (1, 1) da (1, −1). A alƙibla ta biyu, sa x = t, y = −t, ka sami t² − 4t² + t² = −2t², gangara. Wurin sirdi ne: gaba da baya sama, gefe da gefe ƙasa.

Gwajin da ake haddacewa, ninkin ma'auni na biyu ta x da na y a debe murabba'in na gauraye, ditaminan ɗin wannan matiriks ne, dawowarsa ta biyu ke nan. Nan 4 − 16 = −12, daidai da 6 × (−2). Ditaminan ninkin ƙimomin aigan ne, in ya faɗi ƙasa da sifili alamominsu sun saɓa. Wanda ya fahimci haka ba zai ɗauki gwajin ya kai shi masu canzawa uku ba. Ga x² − y² − z²: ƙimomin 2, −2, −2, ninkinsu 8, sama da sifili, ma'auni na biyu ta x ma sama da sifili, amma wurin sirdi ne. A nan dole a duba alamar kowace ƙima ita kaɗai.

Ɓulɓula da juyi

Filin bekta shi ne a liƙa wa kowane wuri kibiya, kamar gudun ruwa a kowane ɗigo na kogi. In F = (P, Q), matiriks ɗinsa na Jacobi 2 × 2 ne, kuma abubuwa biyun da ake haddacewa daga cikinsa aka ciro su. Tara lambobin da ke kan kusurwar da ta sauko daga hagu zuwa dama, canjin P ta x da canjin Q ta y, ka sami daibajans, ∇·F, ma'aunin ɓulɓula: shin ruwa yana fitowa daga wurin fiye da yadda yake shiga? Debe sauran biyun daga juna, canjin Q ta x a cire canjin P ta y, ka sami ma'aunin juyi, ∇×F. Filin (x, y) ɓulɓularsa 2, juyinsa sifili, kamar idon ruwa. Filin (−y, x) ɓulɓularsa sifili, juyinsa 2, kamar faifai yana juyawa.

Misalin da ya fi koyarwa shi ne (y, 0). Duk kibiyoyin gabas suka nufa, ba wadda ta lanƙwasa, amma juyinsa −1 ne. Wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar ruwa ta noman rani ya san wannan. Jefa ɗan guntun kara kusa da gaɓa: ruwan tsakiya ya fi na bakin gudu, sai gefen karan da ke ciki ya riga na waje, karan ya yi ta juyawa yana tafiya, alhali ruwan kansa miƙe yake. Juyi ba ya auna lanƙwasar hanyar ruwa, yana auna yadda ƙaramin abu zai juya a inda yake, kuma ƙimarsa ninki biyu ce ta matsakaicin saurin wannan juyawar.

Da wannan kallon, ƙa'idar da ta ce juyin kowane giradiyan sifili ne ba ta buƙatar hadda. Matiriks ɗin Jacobi na ∇f shi ne matiriks ɗin Hesse, wanda ɓangarorinsa biyu suke daidai da juna muddin ma'aunan na biyu ba su tsinke ba. Ka debe abu daga irinsa, sifili. Haka kuma za a gane dalilin da juyi yake zama bekta a sarari mai fuska uku kaɗai. Ɓangaren matiriks da ke ɗauke da juyi yana da lambobi n(n − 1)/2 masu zaman kansu, wannan kuwa ba ya zama daidai da n sai in n = 3. A fuska biyu lamba ɗaya ce, a fuska huɗu shida.

Manyan ƙa'idojin uku

George Green, ɗan mai injin niƙa a Nottingham ta Ingila, wanda kusan duk lissafinsa da kansa ya koya, ya buga aikinsa a 1828. Ƙa'idar da ake kira ta Stokes ta fara bayyana ne a wasiƙar da William Thomson ya aika wa George Stokes a 1850, shi kuma ya sa ta a tambayoyin wata jarrabawar gasa a Kambirij a 1854. Ƙa'idar ɓulɓula ana jingina ta ga Gauss da Mikhail Ostrogradsky. Rubutun da muke amfani da shi yau, na ɗigo da gicciye, Josiah Willard Gibbs a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila ne suka daidaita shi a shekarun 1880, galibi don sauƙaƙa lissafin lantarki da maganaɗisu na James Clerk Maxwell. Dukkan ƙa'idojin magana ɗaya suke yi: tara abin da ke faruwa a ciki, za ka sami abin da aka auna a kan iyaka. Yanka filin ƙanana-ƙanana, a kowane yanki filin bektar kusan na layi ne, iyakokin da maƙwabta suka yi tarayya a kai suna kashe juna saboda ana bin su sau biyu a alƙiblu masu saɓani, sai iyakar waje kaɗai ta rage.

Ga amfaninta a hannun mai awon filaye. Ƙa'idar Green ta ce girman fili rabin intigiral ɗin x dy − y dx ne a zagayen iyakarsa. A ce kusurwoyin gona a mita su ne (0, 0), (30, 0), (40, 20), (10, 25). Ga kowane gefe, ninka gicciye ka debe: na farko 0; na biyu 30 × 20 − 40 × 0 = 600; na uku 40 × 25 − 10 × 20 = 800; na huɗu 0. Jimilla 1400, rabinta murabba'in mita 700. Kowace gaɓa a nan ditaminan 2 × 2 ce, dawowarsa ta uku. Zagaya gonar ta hannun agogo, −700 za ka samu. Alamar ragi da ke cinye maki a tambayoyin Green da Stokes daga nan take: iyaka ana bin ta ne filin yana hannun hagunka, a Stokes kuma in yatsun hannun dama suka bi iyakar, babban yatsa ne yake nuna alƙiblar bektar da ke tsaye a kan shimfiɗar.

Ƙa'idar ɓulɓula tana da sauƙin gwadawa da F = (x, y, z) a ƙwallo mai radiyos R. Ɓulɓula 3 ce ko'ina, sau girman ciki 4πR³/3, ya ba da 4πR³. A kan fatar ƙwallon, kibiyar waje take nunawa kai tsaye da tsawon R, sau girman fatar 4πR², shi ma 4πR³. Sharaɗin shi ne fatar ta rufe ruf. In an ba ka rabin ƙwallo kamar ƙwarya a kife ba marfi, dole ka rufe gindin da faifai, ka yi amfani da ƙa'idar, sannan ka debe abin da ya ratsa faifan. Da F ɗin nan abin da ya ratsa faifan sifili ne, domin z = 0 a wurin, shi ya sa mantuwar ba ta bayyana; canza F zuwa (x, y, z + 1), faifai mai kallon ƙasa zai ba da −πR², amsar ɗalibin da ya manta shi ta gaza da πR².

Ɗaya sharaɗin, wanda ya fi ɓuya, shi ne filin bektar ya kasance lafiya lau a ko'ina cikin yankin. Duba F = (−y/(x² + y²), x/(x² + y²)). Lissafa juyinsa, sifili ne a duk inda aka iya lissafawa. Ɗalibi zai ce to intigiral a kan kowace rufaffiyar hanya sifili ne. Gwada da'ira mai radiyos 1: x = cos t, y = sin t, F ya zama (−sin t, cos t), takun hanyar ma (−sin t, cos t) dt, ninkin ɗigonsu 1, daga 0 zuwa 2π jimilla 2π. Ƙa'idar Green ba ta karye ba. A cibiya ana raba da sifili, filin ba shi da ƙima a wurin, yankin yana da huji, sharaɗin bai cika ba. Duk rufaffiyar hanyar da ba ta kewaye hujin ba sifili za ta bayar, duk wadda ta kewaye shi sau ɗaya saɓanin agogo 2π, komai girmanta ko karkacewarta. Wannan filin shi ne siffar maganaɗisun da ke zagaye doguwar waya miƙaƙƙiya mai ɗauke da lantarki, hujin kuma wayar ce kanta. Mitar nan mai baki kamar awartaki da masu gyaran wuta suke maƙala wa waya su karanta ƙarfin lantarkin ba tare da sun yanke ta ba, da wannan take aiki: abin da ta auna a zagaye ya dogara ne ga lantarkin da ya ratsa tsakiyar zoben. In aka maƙala ta a kan wayar kai wuta da ta dawowa a haɗe, biyun suna kashe juna, sai ta nuna sifili ko da na'urar tana aiki.